Ta Ina Zan Fara Tsara Lambun Hutu a Ɗan Filin Gidana?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan fili a harabar gidana, tsawonsa kamar mita 8, faɗinsa mita 6. Aikina na zama ne gaban kwamfuta tun safe har yamma, in na dawo kaina ya ɗau zafi. Na so in mayar da filin wurin da zan riƙa zama ina hutawa. Na sayi furanni a tukwane sun fi ashirin na jera, amma rabinsu sun mutu, sauran kuma ban ruwansu ya zame mini wani aikin. Ga ƙarar motoci daga titi, ga tagar benen maƙwabta tana kallon filin. Har yau ban taɓa zama a wurin na minti goma ba. Ta ina zan fara?"

Wa'alaikumus salam, Malama. In na fahimce ki da kyau, abubuwa uku ne suka taru suka hana ki morar filin nan. Shuke-shuken sun zama ɗawainiya, kunnenki ba ya samun sakat saboda titi, sannan kina jin ido a kanki daga sama. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa ba ki taɓa zama minti goma a wurin ba, kuma a cikin abin da kika ce kin saya ban ji kin ambaci kujera ba. A aikina na tsara lambuna wannan na fi cin karo da shi. Mutum zai fara da sayen shuka, alhali wurin zama ne ya kamata ya zo farko, sauran duka su biyo bayansa. Lambun hutu daga inda jiki zai zauna ake tsara shi: me ido zai gani daga nan, me kunne zai ji, ta ina rana za ta bugo, mene ne a bayan mai zama.

Me ya sa lambu ke sauke gajiya

Nauyin kan da kike ji da yamma masana sun daɗe suna nazarinsa. Rachel Kaplan da mijinta Stephen Kaplan, malamai a Jami'ar Mishigan ta Amurka, sun yi bayani a 1989 cewa hankalin da mutum ke tilasta wa kansa wajen aiki, irin na bin lissafi ko karanta saƙonni a allon kwamfuta, yana gajiya idan aka daɗe ana jan sa. Abin da ke dawo da shi shi ne kallon abin da ke ɗaukar hankali a hankali ba tare da ya nemi komai daga gare ki ba, kamar ganye yana kaɗawa, inuwa tana matsawa a ƙasa, ko tsuntsu ya sauko shan ruwa. Suka ƙara da cewa wurin sai ya sa mutum ya ji ya bar inda hidimarsa take, ko da taku goma ne tsakani. Ki lura da wannan sharaɗin, domin shi ne tukwanenki ashirin suka karya. Duk sanda kika leƙa filin, aiki kike gani: wannan ta bushe, waccan tana neman ruwa.

Akwai kuma binciken Roger Ulrich da mujallar Science ta buga a 1984. Ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar cire matsarmama a wani asibiti a jihar Fensilbaniya. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon bishiyoyi, rabi kuma katangar bulo. Masu kallon bishiyoyi sun bar asibiti cikin ƙasa da kwana 8 a matsakaici, masu kallon katanga kusan kwana 9, kuma na farkon sun fi ƙarancin buƙatar magungunan kashe zafi masu ƙarfi. Abin da nake so ki ɗauka daga nan shi ne, ba wani ƙasaitaccen lambu suke kallo ba, 'yan bishiyoyi ne kawai ta taga. Filinki ya isa har ya yi yawa.

Ki fara da kujera da mako guda na kallo

Kafin ki sake kashe ko sisi, ki ɗauki kujerar da kike da ita ki fita da ita a daidai lokacin da kike dawowa daga aiki, domin lambun wannan lokacin ake tsarawa. Yau ki zauna a wannan kusurwa, gobe a waccan. Ki lura inda rana take ƙarewa, domin ranar yamma ta fi ta safe zafi, kuma katangar da ta sha rana duk yini tana ci gaba da fitar da zafi bayan faɗuwarta. Ki lura ta ina iska ke shigowa. In aka yi ruwan sama, ki fito ki ga inda ya kwanta. Ranar hutu kuma ki leƙa da safe, da tsakar rana, da la'asar, ki ƙiyasta awa nawa kowane ɓangare yake shan rana. Wurin da ya samu awa 6 ko fiye, wurin shukar rana ne. Wanda bai kai awa 3 ba, na shukar inuwa ne. Da yawan furannin da ke mutuwa a hannun mutane, ajiye su aka yi a inda ba nasu ba.

Ƙasar ma ki gwada ta. Ki haƙa rami mai zurfin santimita 30, ki cika shi da ruwa, in ya tsotse ki sake cikawa. Idan washegari har yanzu ruwa na tsaye, ƙasarki mai riƙe ruwa ce, saiwa za ta ruɓe a cikinta sai an ɗaga kunya ko an gauraya ta da ruɓaɓɓen taki mai yawa. Idan kuwa nan take ya ɓace, yashi ya yi mata yawa, ita ma takin ne maganinta.

Inda kujera za ta zauna

Ba wanda ke sakewa idan ya zauna a tsakiyar fili bayansa a buɗe. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Jay Appleton, ya rubuta a 1975 cewa ɗan Adam ya fi natsuwa a inda yake hangen nesa alhali shi a kāre yake. Duk wanda ya shiga ɗakin jira ya ga yadda kujerun jikin bango ke fara cika ya ga wannan da idonsa. Saboda haka bayan kujerarki ya jingina da katanga ko shinge, gefe ɗaya ma in zai yiwu ya samu shuka mai tsayi, gabanki kuma a buɗe.

Filinki yana da wata dama da ba kowa ke lura da ita ba. Mita 8 ne a mita 6, to daga kusurwa zuwa kishiyarta mita 10 ne cif. In kika sa kujera a kusurwa tana fuskantar wancan lungun, idonki ya samu tazara mafi tsawo da filin zai iya bayarwa, wurin kuma zai yi kamar ya fi yadda yake girma. A can ƙarshen ki ajiye abu ɗaya da ido zai sauka a kai, ƙaramar bishiya ko babbar tukunya mai kyan siffa. Ɗaya tak.

Daɓen wurin zama bai buƙatar wuce mita 2 da rabi ta kowane gefe, ya ishi kujeru biyu da ɗan teburi. A ɗan karkata shi kaɗan don ruwa ya gangara nesa da gini. Kujerar ta kasance mai majingina da hannuwa, tsayin mazauninta kusan santimita 45, kuma irin wadda za ta iya kwana a waje. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin wanda ya dawo a gajiye ba zai ɗauko kujera daga ɗaki ba, gado zai nufa. Hanyar da ta taso daga ƙofa zuwa wurin ita ma ta zama busasshiya mai faɗin aƙalla santimita 90, yadda ko dattijuwa mai sanda za ta bi ba fargaba.

Maganin tagar bene

Abin da mutane ke fara tunani shi ne ƙara tsayin katanga. Da wuya hakan ya yi aiki a kan bene, domin sai katangar ta yi tsayin da za ta toshe iska da haske ta mayar da filin rami, ga shi a wurare da yawa doka ta ƙayyade tsayin katanga. Dabarar ita ce a tare idon kusa da mai zama. Ki zauna a kujerarki, ki sa wani ya riƙe zane a kan doguwar sanda yana matsawa tsakaninki da tagar har sai ta ɓace miki. Za ki ga cewa idan zanen yana kusa da ke, ɗan ƙaramin abu ne ke rufe tagar gaba ɗaya. Inda ya tsaya, nan ne wurin bishiya ko rumfa.

Na taɓa yi wa wasu mata da miji wannan gwajin a fili mai kama da naki. Sun riga sun kira magini zai ɗora bulo. Da muka gwada da zane, sai ga shi rumfa mai tsayin mita 2 da ɗan ɗoriya a kan kujerun kawai ta wadatar. Muka kafa ta da katako, muka ja waya a samanta, aka dasa yasmin a gindin ginshiƙai biyu. Kafin ya haura ya rufe, sun shimfiɗa asabari a sama. Tagar tana nan tana kallon sauran filin, amma ba ta ganin mai zama, kuma abin da suke nema ke nan.

Ƙarar titi

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne aka fi yi wa mutane alƙawarin da ba ya cika. Za a ce miki ki dasa shinge zai tare ƙara. Shinge mai kaurin mita ɗaya kusan ba ya rage komai a ma'auni. Sai kurmi mai duhu ya kai faɗin mita 30 kafin ya rage kamar desibel 5 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Abin da ke tare ƙara shi ne abu mai nauyi marar kafa: bulo, dutse, tudun ƙasa, ko katako mai kauri da aka haɗa ba rata. Katangar da ta hana ki ganin motocin tana rage kusan desibel 5, kuma sai an rage 10 ne kunne ke jin kamar ƙarar ta ragu da rabi. Ƙara kamar ruwa take, duk inda ta samu ɓula nan za ta bi. Don haka ki duba ƙyauren gidanki, ratar da ke ƙarƙashinsa, da bulo mai huji da ake sawa don ado. Toshe waɗannan kan yi tasiri fiye da ƙara layi biyu na bulo a sama.

Abu na biyu yana ba mutane mamaki. Wurin da ya fi shiru a filin sau da yawa shi ne gindin katangar da ke gefen titi, domin ƙarar tana tsallakewa ta samanta ta sauka can gaba. Idan kusurwar da kika zaɓa tana jikin wannan katanga, kin ba titi baya, to kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ki gwada da kunnenki a makon kallon nan.

Ban ce shinge ba shi da amfani ba. Idan ido bai ga mota ba, zuciya kan rage damuwa da ƙararta, ga shi ganye na kawo tasa ƙarar mai daɗi, yana kuma janyo tsuntsaye. Gora ta fi kowa a wannan, sai dai akwai irin da saiwarsa ke yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa har ta ɓullo gidan maƙwabta. Ki nemi irin da ke tsayawa dunƙule, ko ki sa ta a babbar tukunya.

Sai ruwa. Ƙarar ruwa ba ta share ta mota, musamman rugugin manyan motoci da ake ji har a ƙirji. Abin da take yi shi ne ba kunne abin saurare kusa da shi, sai na nesa ya koma baya. Shi ya sa kusanci ya fi ƙarfi muhimmanci. Ɗan ruwa mai gangarowa mita ɗaya daga kujera ya fi babban maɓuɓɓugi a tsakiyar fili. Masu tsara lambunan Farisa da na Andalus sun san haka tun da daɗewa. A lambun Janaralife da ke kusa da fadar Alhambra a birnin Giranada na ƙasar Sifaniya, siraran magudanai ne ke ratsa tsakar gida, har da wani matakala da ruwa ke gangarowa ta kan hannunsa daidai inda mai hawa zai ji shi ya taɓa shi.

Irin da nake yawan girkawa mai sauƙi ne. A binne robar ruwa a ƙasa, a rufe ta da raga mai ƙarfi, a zuba duwatsu a kai, a ɗora tulu a tsakiya. Ɗan injin tura ruwa da ke cikin robar yana hawar da ruwa ta cikin tulun, ya malalo ta jikinsa ya koma ƙasa. Ba buɗaɗɗen ruwa ko kaɗan. Wannan ya kawar da haɗari biyu. Ƙaramin yaro na iya nitsewa a ruwan da bai wuce 'yan santimita ba, sauro kuma a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo a ruwan da ke tsaye. Ki duba faifan da ke ƙarƙashin tukwanenki ma, nan ne mahaifar sauro a lambuna da yawa. Wayar injin kuwa ƙwararren mai gyaran lantarki ya ja ta, ko ki nemi mai aiki da hasken rana.

Shuke-shuke: kaɗan, manya, masu jimiri

Ƙaramar tukunya ƙasarta kaɗan ce, tana zafi da wuri tana bushewa da wuri, a lokacin zafi sai an ba ta ruwa kullum. Ashirin irinta aikin mai lambu ne na cikakken lokaci. Ki haɗe waɗanda suka rayu cikin manyan tukwane uku ko huɗu masu faɗin santimita 40 zuwa 50 da huji a ƙasa, masu son ruwa tare, masu jure ƙishi tare. Wanda duk za a iya dasawa a ƙasa a dasa shi a ƙasa, can saiwa ke neman ruwa da kanta. A rufe gindinsu da busasshen ganye ko ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 7, amma kada ya taɓa jikin shukar. Wannan rufin kaɗai yana rage ban ruwa da cirar ciyawa sosai. Ban ruwa kuma a yi shi da safe, a ƙosar da ƙasa sannan a bar ta ta sha iska. Yayyafin kullum saiwa yake tsayarwa a sama.

Iri biyar ko shida sun isa filinki, a maimaita su. Ido yana hutawa idan ya ga abu ɗaya ya sake ganinsa can gaba, yana kuma wahala idan kowane taku da sabon launi. Kore ya rinjaya, da bambancin siffar ganye, mai faɗi kusa da siriri. Fure launi ɗaya ko biyu, kuma tunda da yamma kike zama ina ba ki shawarar fari, domin shi ne ke ci gaba da bayyana bayan ja da shuɗi sun dushe. Kada ki ji tsoron barin wuri fayau. Shahararren lambun Ryoan-ji da ke Kiyoto a Japan duwatsu 15 ne kawai a kan farar tsakuwa da ɗan gansakuka, mutane kuma daga ko'ina suke zuwa su zauna su yi shiru a gabansa. Ba na cewa ki kwaikwaye shi, amma tsakiyar filinki in kika bar ta da tsakuwa ko daɓe, shuka ta zagaye gefe, kin huta da yankan ciyawa, wanda shi ne aikin da ya fi kowane cin lokaci da ruwa a lambu.

Bishiya ɗaya ta isa, ƙarama wadda ba ta wuce mita 4 ko 5 in ta girma, kamar rumman ko lemun tsami a wurare masu ɗumi. A inda ake sanyi mai tsanani an fi son mai zubar da ganye, ta ba da inuwa da zafi ta saki rana da hunturu. Ki nisanci dangin ceɗiya da durumi a ƙaramin fili, saiwarsu na fasa katanga ta shiga bututu. Ki bar aƙalla mita 2 tsakanin bishiyar da gini.

Ƙamshi kuwa a sa shi inda hannu zai kai daga kujera: na'a-na'a a tukunyarta ita kaɗai don tana mamaye wuri, ɗoɗɗoya, wardi, yasmin a kan rumfa. Kada a tara masu ƙarfi wuri guda, wasu na sa ciwon kai ko su tayar wa mai asma. In yara na shiga filin, ki guji oliyanda (wata shukar ado mai fure) da zaƙami da zurma, dukkansu guba ne in aka ci. Da dare fitila biyu ko uku masu ruwan ɗorawa, ƙasa-ƙasa suna haska hanya, sun wadatar. Farin haske mai ƙarfi daga sama yana tara ƙwari yana kore barci.

Iyakar abin da lambu zai yi

Sunayen da na kawo misali ne, yanayin inda kike shi zai yanke hukunci. Ki zaga unguwarku ki ga shukar da take kore shar a inda ba mai kula da ita, ki ɗauki hotonta ki kai wa mai sayar da dashe, ki ce irinta kike so. Idan gidan haya ne, duk abin da na faɗa ana iya yinsa da manyan tukwane da rumfar da ake kwancewa.

Game da lafiya, wani bincike da aka buga a 2019 a kan mutane kusan 20,000 a Ingila ya nuna waɗanda ke yin aƙalla minti 120 a mako a wurare masu tsirrai sun fi cewa suna jin lafiya da walwala, ko a zama ɗaya ko a rarrabe. Sai dai wuraren shaƙatawa da dazuka da bakin ruwa aka ƙirga, ban da lambun gida, kuma alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa wannan ne ya haifar da wancan ba. Lambu na sauke gajiyar yini, amma idan nauyin kan ya zo da rashin barci, ko baƙin ciki da ya wuce mako biyu, ko ciwon kai da ba ya tafiya, likita za ki gani, lambun ya zama ƙari.

In aljihu bai isa a yi komai lokaci ɗaya ba, ki fara da kujera da daɓenta, sai rumfa, sai bishiyar, domin ita ce mai ɗaukar shekaru kafin ta ba da inuwa. Ki dasa ta a farkon damina ko lokacin da zafi ya sauka, a rami mai faɗi ninki biyu na ƙullin saiwarta amma zurfinsu ɗaya, ki riƙa ƙosar da ita da ruwa sau ɗaya ko biyu a mako har ta cika shekara biyu. Ruwan tulu ya jira sai kin yi wata guda kina zama a wurin, lokacin kin san daidai gefen da ƙarar titi ta fi damun kunnenki.